A fito da ɗalibai su kalli Andromeda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan sallar isha na kafa ƙaramin madubin hangen nesa a hanyar Madarunfa, nesa da fitilun gari, na saita shi kan Andromeda, wato wani katafaren gungun taurari mai nisan gaske. Haske ne dishi-dishi mai tsawo, kamar auduga da aka ja, tsakiyarsa ta fi haske. Hannuwanta masu murɗewa, wato jerin taurarin da ke naɗe tsakiyarta, sai a hoto, ƙaramin madubi ba ya nuna su. Amma hasken nan shekara miliyan 2.5 ya yi a hanya kafin ya iso idona. Allahu Akbar!

Ina roƙon Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta shirya wa ɗalibanmu daren kallo a watan Oktoba, kafin hazon hunturu ya rufe sama.

Wani malamin makaranta, Maradi