A Kula da Ingancin Hoton Radiyo a Asibitocinmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin hukumomi da masu asibitoci a nan Maradi a kan hoton radiyo da na sikana, waɗanda jama'armu ta rungume su har ta kai marar lafiya ba ya jin an duba shi sai an yi masa hoto.

Amfanin hoton ba abin musu ba ne, amma hasken da na'urar take harbawa cikin jiki yana da ma'auni, wanda ake kira milisibat. Hoton ƙirji ɗaya kimanin milisibat 0.1 ne, kwatankwacin abin da jiki yake samu daga ƙasa da sararin sama cikin mako biyu, alhali sikanar ƙirji tana kai wajen milisibat 7, wato kamar hoton ƙirji 70 a zama guda. Kowane ƙari yana ɗan ƙara haɗarin ciwon daji nan gaba, kuma yara da ɗan tayi sun fi kowa rauni. Eko kuwa, wato irin hoton da aka saba yi wa masu juna biyu, da sauti yake aiki, babu wannan haske a cikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne hoton da bai fita da kyau ba. Idan na'ura ta daɗe ba a gwada ta ba, ko aka tsayar da marar lafiya ba daidai ba, hoton yakan fito dishi-dishi, sai likita ya ce a sake. Talakan da ya taso daga Dakoro ko Tasawa ya biya kuɗi sau biyu, jikinsa ya sha haske sau biyu, ko kuma, abin da ya fi muni, a karanta hoton haka nan a kasa ganin tarin fuka ko tsagewar ƙashi.

Saboda haka ina roƙon hukumar ARSN, wadda doka ta ɗora wa sa ido a kan wannan fanni a Nijar, ta riƙa zagayawa ɗakunan hoto na gwamnati da masu zaman kansu tana gwada na'urori, tana tabbatar da cewa bango da ƙofa suna da dalma mai tare hasken, kuma kowane ma'aikaci yana ɗauke da ma'aunin da zai nuna bai wuce milisibat 20 a shekara ba. Ma'aikata su tambayi kowace mace, cikin sirri da mutunci, ko tana da juna biyu, su kuma ba wanda zai riƙe yaro rigar dalma. Mu ma jama'a mu adana tsofaffin hotunanmu mu je da su wurin likita, domin sau da yawa sukan wadatar.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Zariya, Maradi