Wasiƙa daga Daura: Takunkumi a Aljihu

Daura,
31 ga Janairu, 2021

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya sanyi, ya kuma zaman ɗaka? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Hunturu ne dai ya kankama, da safe hazo ba ya barin ka hango tsallaken titi daga ƙofar shagona, ƙafa kuma duk faso. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana marmarin fura, ko kuwa Turawa sun canza maka ciki.

Na ga amsarka kan hoton ɗaurin auren ƙanena. Ka ce ka duba fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya ba ka ga ko mutum guda da takunkumi ba, har da tambayar wai mu ba mu da labarin abin da duniya ke ciki ne. Na so in mayar maka ta waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Ban kuma ga laifinka ba. Na ji a rediyo cewa waɗanda korona ta kashe a can Birtaniya sun haura 100,000 a makon nan, kuma tun farkon watan nan aka sake kulle ku karo na uku. Wanda ke kwana yana jin jiniyar motar asibiti, dole hotonmu ya ba shi tsoro.

Muna da labari, mutumina. Ai duk jihar Katsina a garin nan ta fara sauka. Tun ranar 27 ga Fabrairun bara da aka ce an samu wani ɗan Italiya da ita a Legas muke jin ta kamar tatsuniya, cutar masu hawa jirgi. Ko da aka rufe Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen Maris, hira kawai muke yi a majalisa, ana cewa zafin Daura kaɗai ya ishe ta. Sai a farkon Afrilu aka wayi gari wani likita a nan cikin gari ya rasu, gwaji ya nuna ita ce. Mutum ne da jama'a da yawa suka bi ta hannunsa. Kwana kaɗan bayan haka Gwamna Masari ya sa aka kulle Daura, ba shiga ba fita. A daren da aka yi sanarwar, wallahi tsoro na gaske na gani a idon mutane. Kowa yana lissafin yaushe rabonsa da asibiti, wa ya gaisa da wa. Ba wanda ya ce ƙarya ce a daren nan.

Abin da ya kashe tsoron shi ne kullen kansa.

Ka san sana'ata. Tela ba shi da kaka sai azumi. Abin da na samu daga goma ga wata zuwa daren Salla, shi ke biyan hayar shago, shi ke sayen hatsin damina. An ɗauki azumi ranar 24 ga Afrilu, shadda da yadin mutane jibge a kan teburi, masu kayan ba su da kuɗin ɗinki, ni kuma ba halin buɗe ƙofa. Yaran shagona uku, biyu daga ƙauye suke, kowanne da abin da yake aikawa gida. Ni da nake da ɗan gero a ɗaki ma na ji jiki, balle mai shayi da ɗan garuwa da mai facin taya, waɗanda rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce. Maƙwabciyarmu mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ran nan bayan la'asar ta leƙo ta kan katanga ta kira maiɗakina a hankali, don kada yara su ji. Kwano ta miƙo, ba ta iya cewa komai ba. Matar da shekara goma ba ta taɓa roƙon ko gishiri ba. Ka je ka ce wa wannan baiwar Allah ta wanke hannu da sabulu na daƙiƙa ashirin.

Tallafi kuwa, a rediyo muka fi cin sa. Abin da ya iso layinmu bai kai a faɗa ba. Da aka zo watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, mutane suka fasa rumbuna a Legas da Jos da wasu garuruwa, aka ga buhuna da katan-katan na taliya an rubuta musu sunan korona, sai kowa a nan ya ce to, ashe ga inda abincinmu ya kwana. Daga ranar duk wanda ka ce wa cutar nan gaskiya ce, sai ya ce maka e, gaskiya ce ga masu cin kuɗinta.

Sai batun masallaci, wanda ya fi yunwar ma taɓa zuciya. Ka dai ji abin da ya faru a Kusada a ƙarshen Maris, da aka kama wani malami kan ya ja sallar Juma'a bayan an hana, matasa suka je suka ƙona ofishin 'yan sanda, har aka rasa rai. Malamai da yawa sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun karanto hadisin da ya ce in annoba ta sauka a gari kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita. Sun kawo labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Sun tuna mana cewa ko don ruwan sama da sanyi an taɓa cewa a yi salla a gida. Amma dattijon da ya shekara sittin bai rasa tarawihi a jam'i ba, ka ce masa ya tsaya a tsakar gida shi da matarsa, hujja ba ta isa ta sanyaya masa rai. Salla ta zo ba hawa, ba Hawan Magajiya, Kangiwa shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Aikin Hajji ma bara ba wanda ya tafi daga nan.

Yanzu bari in zo kan takunkumin da ka tambaya, don a nan ni gwani ne. Da aka ce daga 4 ga Mayu dole kowa ya rufe hanci da baki, shi ya cece ni. Na zazzage buhun ƙyallayen da na shekara ina tarawa, guntayen atamfa da shadda, na sayo roba, muka zauna muna zuba su a keke ninki biyu-biyu. Kuɗin cefanen Sallarmu daga nan ya fito. Amma ni da nake sayarwa na fi kowa sanin abin da ake yi da shi. Direba zai sayi guda shida ya rataye a madubi. In an doso shinge sai ya miƙa wa fasinjoji, kowa ya ɗaura, ana wucewa ya karɓe abinsa ya mayar, na gaba su sa. Wani ya saya ya sauke shi a haɓa kamar gemu. Wani a aljihu, sai ƙofar banki. Takunkumi ya zama takardar wucewa, ba maganin cuta ba.

Ina ganin har sunan ma bai taimaka ba. Wa ake sa wa takunkumi a ƙasar Hausa? Jaki da raƙumi da shanun huɗa, don kada su ci amfanin gonar mutane. Wani tsoho da na miƙa wa kyauta ya juya shi a hannu, ya ce, "Yaro, me na ci na wani?" Muka yi dariya, amma bai sa ba. Abin mamakin shi ne rufe baki ba baƙonmu ba ne. Sarakuna da hakimai da amawali suke fita, Buzayen da ke shigowa ta Kongolam ido kawai kake gani, mata ga niƙabi, ɗan acaɓa kuwa kowane hunturu da ƙyalle a hanci saboda ƙura, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil. Da tun farko an ce mana amawali ne, wataƙila da an samu sauƙi. Yau in ka sa don ƙura, lafiya lau. In ka ce don korona ne, sai a ce ka zama Bature, ko kana ƙyamar mutane. Na taɓa noƙe hannu da wani abokin Baba ya miƙo mini a bakin masallaci, na dafe ƙirji na rusuna. Har gida ya aiko a tambayi Inna laifin da ya yi mini.

Akwai abin da ban gaya maka ba, don lokacin ba na son ɗaga maka hankali. Rasuwar Kawu da na ce maka gajeriyar rashin lafiya ce, to ga yadda ta kasance. A tsakiyar azumi ne, daidai lokacin da ake ta jin manyan Kano suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, masu haƙar kabari suna cewa ba su taɓa ganin irin haka ba. Ya fara da zazzaɓi, aka ce maleriya ce, aka sayo magani a kemis. Sai tari. Kwana na biyar na je gaishe shi, na tarar an jingina shi da bango da matashi biyu, don in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Yana jan iska kamar wanda ya yi gudu, kafaɗunsa na ɗagawa, kalma biyu sai ya huta. Na ce a tafi asibiti. 'Ya'yansa suka ce a'a, ana zuwa za a ce korona ce, a killace shi inda ba mai ganinsa, in ta Allah ta kasance a hana su gawa. Shi ma da kansa ya ɗaga hannu ya ce a bar shi a ɗakinsa. Da abin ya tsananta cikin dare muka nufi wani ƙaramin asibiti, muka tarar da ƙofa a rufe, ma'aikatan su ma tsoro suke ji, ba su da kayan kariya. Kafin asuba ya cika. Aka yi masa wanka da sutura kamar kowa, jama'a ta cika layi, aka yi ta musafaha ana ta'aziyya. Ba gwaji, don haka ba ya cikin lissafin kowa.

Bayan kwana shida na tashi da ciwon jiki. Maiɗakina ta kaɗa miyar kuka da daddawa, na kai loma na ji kamar ruwan zafi. Ta sa turaren wuta har hayaƙi ya cika ɗaki, ina kallonsa ba na jin komai. Kusan mako biyu na yi a haka, na koma kwana a zaure, na hana Inna shigowa. Da na fara faɗa a majalisa, sai ga mutum huɗu sun ce su ma haka suka yi, hanci ya toshe ba mura. Kowa ya ce "zazzaɓin da ake yayi" ne. Ba wanda ya kira ta da sunanta, har da ni, don sunan yana jawo motar jami'ai ƙofar gida, ya kori masu kawo ɗinki.

To ka ga inda muke. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka tana fitar da alƙaluma kowane dare, kuma tun Disamba suke hawa. A farkon watan nan waɗanda suka kamu a Najeriya sun haura 100,000, mamata kuwa yanzu sun wuce 1,500. In ka faɗi wannan a teburin mai shayi, sai wani ya tambaye ka mutum nawa 'yan bindiga suka kashe a Batsari da Faskari da Jibiya. Sai wani ya tuna maka ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe ranar 11 ga Disamba, yara sama da 300 aka kora daji a ƙafa. Su ce wannan ita ce koronarmu, wa ya kulle daji? Ba ni da amsar da zan ba su, duk da na san ciwo ɗaya ba ya hana wani. Ga kuma rajistar lambar ɗan ƙasa da aka ce a haɗa da layin waya ko a toshe. Na yi sammako har kwana biyu, mutane kamar a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ƙirji da baya, kowa na numfashi a ƙeyar wani. A ce maka ka ba da tazara, a kuma tara ka a haka.

A makon nan shugaban ƙasa Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka, wanda aka kama ba takunkumi a cikin jama'a tara ce ko ɗaurin wata shida. Yana ma gari yanzu haka, ya zo sabunta rajistar jam'iyya, Daura ta cika da gwamnoni da jiniya. Jiya kaɗai na sayar da ragowar takunkuman da suka yi wata biyar suna shan ƙura a kan ƙusa, duk masu son shiga wurin manya ne suka saye.

Ni dai nawa yana aljihun gaba. Ba zan yi maka ƙarya in ce kullum yana fuskata ba, a ɗaurin auren ma ka ga ban sa ba, kunyar surukai ta hana. Amma ba na shiga ɗakin Inna sai da shi, kuma na hana jikoki kwana wurinta in suna tari. Tana yi mini tsiya, wai na dawo mata ɗan fashi. Batun allurar rigakafin da ka ce an fara yi muku tun Disamba, nan ba ta iso ba, amma jita-jitarta ta riga ta zuwa, har an fara tono zancen gwajin maganin sanƙarau na Kano na 1996. In an yi maka, don Allah ka ɗauki hoto ka turo, ka kuma yi wa Inna bayani da bakinka. Maganarka ta fi tawa shiga kunnenta, tunda kai ba ta yi maka wankan jego ba.

Shaddarka tana nan na ajiye, ban yanka ba. Ka sake aiko mini da awon ciki da na wuya, don na ga alama zaman kulle ya karɓe ka. Ka gaishe da uwargida da yara, ka ce wa ƙaramin Baffansa na Daura yana nan yana jiran ya zo ya leƙa Kusugu. An kawo wuta, bari in je in ƙarasa aikin wuyan wata riga kafin su ɗauke.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Daura