Kafin a sayo wa yaro zomo

Assalamu alaikum Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sammin fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da iyaye 'yan uwana akan wata dabba da ake yawan cuta a gidajenmu ba tare da an san ana cutarta ba, wato zomo. Na daɗe ina kiwonsu anan Jos, kuma abinda nake gani a unguwanni yana damuna sosai.

Abin yanzu ya zama yayi, musamman lokacin hutun makaranta da kuma bayan Sallah da yara ke da 'yan kuɗin barka da Sallah a hannu. Yaro zai ga ɗan zomo fari tas a kasuwa ko a gidan abokinsa, ya dawo ya tasa babansa gaba da kuka, baban kuma don a zauna lafiya ya sayo guda biyu a kwali a ajiye bayan kicin. Satin farko kowa na rububin ɗauka, sati na biyu an fara mantawa da ruwa, kafin wata ya zagayo an wayi gari ɗaya ya sandare, sai kaji ana cewa ai dama zomo baya daɗewa. Wallahi ba haka bane. Zomon gida in ya samu kula yana kai shekara 8 har zuwa 12, ma'ana yaron da ka saya wa yana aji huɗu a firamare zai iya gama sakandare zomon na nan da ransa. Toh kai maigida da ke uwargida, ku ne za ku amsa ko kun shirya wannan ɗawainiyar, don yaro ɗan shekara bakwai bazai riƙe ta ba komai son da yake wa dabbar.

Babban abinda nake so a gane shine zomo baya kuka. Akuya in yunwa ta kamata sai ta hana unguwa barci, mage zata bi ka tana goga jiki a ƙafarka har sai ka bata, amma zomo ko yunwa ce ko ƙishi ko ciwo shiru zai yi ya lafe a lungu. Allah ya halicce shi cikin dabbobin da ake farauta, shaho na nemansa kare na nemansa muzuru da maciji na nemansa, kuma wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗaukewa, shi yasa yake ɓoye ciwonsa har sai abu ya ci ƙarfinsa. Mai zomo dole ya zama mai sa ido. Kullum da safe ka duba ya ci abincin jiya, ka duba kashinsa, in ka ga ya ƙanƙance ko babu shi gaba ɗaya, ko ka ganshi ya takure waje ɗaya yana cizon haƙora da ƙarfi, to akwai matsala. Zomon da ya yi awa 12 bai ci komai ba bai yi kashi ba, ba abin a bari sai gobe bane, hanjinsa ne ya tsaya kuma yana iya mutuwa kafin goben. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta ta nemi abinci ba, to wanda ke cikin keji shima duk rayuwarsa a hannunka take.

Sai maganar ɗauka da kunne, wadda kusan kowa haka ya taso ya ga ana yi, har masu sayarwa a kasuwa. Dan Allah a daina. Kunnen nan cike yake da jijiyoyin jini kuma da shi yake rage zafin jikinsa, ba a halicce shi don ɗaukar nauyin jiki ba. Ga shi ƙashin bayan zomo bashi da ƙwari amma ƙafafunsa na baya nada ƙarfin gaske, in yana reto a sama ya yi harbi ɗaya da tsoro yana iya karya gadon bayansa da kansa, shikenan ƙafafun baya sun mutu. Yadda ake yi shine hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ɗuwawu, ka manna shi a jikinka. Kuma gaskiyar magana yawancinsu basa son a ɗaga su sama ko kaɗan, sun fi son yaro ya zauna a ƙasa su zo da kansu su shinshina shi, ya shafa musu goshi. Saboda haka ni a ganina in yaranka ƙanana ne masu son abin runguma da yawo dashi a kafaɗa, zomo bai dace da gidanka ba tukuna, a jira su ƙara wayo.

Abinci kuwa nan ne aka fi yin ɓarna, kuma mu a Jos wadatar da Allah ya yi mana ce take ruɗarmu. Mutum zai je Farin Gada ya kwaso ragowar kabeji da karas da latas kusan kyauta ya zube wa zomo ya ce ya gama masa komai. Karas nada zaƙi da yawa, ɗan yanki ya isa kamar alawa, kabeji kuma in ya yi yawa yana kumbura masa ciki. Asalin abincinsa ciyawa ce, kusan kashi 80 cikin 100 na abinda zai ci ya zama ciyawa da busasshiyar harawa, kuma kar ta yanke a gabansa dare da rana. Dalili kuwa, haƙoransa 28 ne kuma basa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce ke goge su, in babu ita sai su yi tsayi su karkace su riƙa yankar harshe da kumatu, ka ganshi yana dalalar da yawu yana son ci ya kasa. Hanjinsa ma da wannan ciyawar yake tafiya. Da damina kyasuwa da sauran ciyawar gefen gona sun wadatar, sai dai a ɗan shanya ta ta sha iska kafin a bashi, kar a bada jiƙaƙƙiya ko wadda aka tara ta yi zafi ta fara ruɓa. Da rani kuma harawar gyaɗa ko ta wake irin wadda ake saya wa raguna, ita ya kamata ka yi lissafin kuɗinta tun kafin ka sayi zomon, a ƙara da ɗan ganyen dankalin Hausa ko zogale, dusa kuma ɗan kaɗan don tana sa ƙiba.

Akwai waɗanda ba a bashi sam. Ganyen dankalin Turawa, wanda ko ina akwai shi a Filato daga Bokkos har Mangu, guba ne a gareshi, kar a ɗauka ɗaya suke da na dankalin Hausa. Haka ganyen tumatir, albasa, da fiya har ganyenta. Ragowar tuwo da shinkafa da biredi ma ba nasa bane. Kayan lambu kuwa sai an wanke sosai saboda feshin magani da manoman rani keyi, kuma duk sabon ganye a fara da kaɗan a ga yadda cikinsa zai karɓa. Zomo baya iya amai, duk abinda ya haɗiya sai ya bi ta hanji, shi yasa kuskure ɗaya ke iya gamawa dashi.

Wani zance da ya yaɗu wai zomo baya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Ƙarya ce, yana sha sosai, balle mai shayarwa. A sa masa a kwano mai nauyi da bazai kifar ba, a canja kullum. Sannan in ka ganshi yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa kar ka hana, halittarsa ce, ta nan yake samun wasu sinadaran da cikinsa bai tsotse ba a zagayen farko.

Ta wajen yanayi mu dai Allah ya taimake mu, Jos na kan tudu kusan mita 1,200 kuma zomo ya fi jure sanyi akan zafi. 'Yan uwanmu na Abuja su ne da aiki, don a Maris da Afrilu zafin can ya wuce abinda zomo ke iya ɗauka, da zarar ya haura digiri 30 ya shiga wahala tunda baya gumi kamar mu, kejin da aka yi wa rufin kwano aka ajiye a rana kuwa kafin la'asar an rasa shi. Inuwa da iska dole ne, in akwai wuta a daskarar da ruwa a gora a ajiye masa ya jingina. Mu kuma namu shine iskar hunturu a Disamba da Janairu, a kare kejin da buhu ta ɓangaren da take kaɗowa musamman in akwai jarirai. Kejin ya zama yana iya miƙewa tsaye ya yi tsalle aciki, a sa katako a wani sashe don tafin ƙafarsa gashi ne kawai, waya zalla tana ji masa ciwo, kuma a riƙa sakinsa yana motsa jiki a inda aka killace. In ka sake shi a ɗaki ka ɗauke wayar caja da ta talabijin don sai ya gutsure su, in a tsakar gida mai ƙasa ne zai haƙa rami. A kula da ɓeraye da kwarkwasa da karnukan unguwa. Fitsarinsa nada ƙarfi, wanda ke gidan haya ya yi shawara da maƙwabta kuma ya san shara ce ta kullum.

Mai sayarwa zai ce ka ɗauki mace da namiji, ka yi tunani kafin ka amsa. Daga wata 4 zuwa 6 sun balaga, cikin macen kuma na kwana 31 ne kacal, tana iya zubo 'ya'ya 4 har 12, kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu in namijin na tare da ita. Wanda ya sayi biyu don nishaɗin yara kafin shekara bai san inda zai sa su ba. Maza biyu kuma in sun girma faɗa suke har da jini, mata biyu da suka taso tare sun fi sauƙi. Kar ka karɓi wanda bai kai wata biyu ba komai kyansa, waɗannan 'yan mitsi-mitsin da aka raba da nono da wuri su suka fi mutuwa. In kuma taka ta haihu ka ga bata zama akan 'ya'yan kar hankalinka ya tashi, sau ɗaya ko biyu take shayarwa a rana na 'yan mintuna, ana haifarsu ba gashi ido a rufe sai wajen kwana 10 suke buɗewa. In niyyarka kiwon nama ne babu laifi, halal ne kuma sana'a ce mai kyau, amma ka gaya wa yaro tun ranar farko, kar ya shaƙu da dabba ya raɗa mata suna sannan ya dawo daga makaranta ya tarar da ita a tukunya, abin yana taɓa zuciyar yara fiye da yadda muke zato.

Ciwon da na fi gani shine ƙazuwa, ɓawo ya fito a kunne da hanci da yatsu, tana warkewa da allurar likitan dabbobi in an kai da wuri, amma mutane sai su shafa baƙin mai ko kananzir su ƙone fatar. Mafi haɗari kuma shine a je kemis a sayo amoksisilin ko ampiklos na mutane a ɗura masa a baki, irin waɗannan suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, zawo ya biyo baya ya mutu. Akwai kuma cutar zubar jini ta zomaye da ta ɓulla a Najeriya a 2020 ta kashe wa masu kiwo da yawa, sai dai a wayi gari a ga gawa, wani da jini a hanci, shi yasa duk sabon zomo a ware shi sati biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Malam Edita, ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa nan a Vom kusa damu tun 1924, ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Jos, amma bayanin da ya shafi zomo da Hausa kusan babu, duk na shanu ne da kaji. Ina roƙon ka tura wakilinku ya tattauna da ɗaya daga cikin likitocin nan, a tambayo mana maganar rigakafin cutar zubar jinin da inda ƙaramin mai kiwo zai same ta, da magungunan da suka halatta a ba zomo, a buga mana a shafin noma da kiwo.

Nagode da fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Anguwar Rogo, Jos.