Iyaye, ku dakata kafin ku siyo wa yara buldog

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana iyaye akan wani yayi da ya shigo mana, musamman a gidajen masu hali a Kano da Kaduna da Abuja, wato siyo wa yara karen turawa. Cikin waɗanda ake rububi akwai buldog, gajeren nan mai ƙaton kai da fuska duk a tattare, hanci a lotse. Yaro ya gan shi a TikTok ko a katun yana kwance yara na wasa da shi, sai ya tasa ubansa a gaba da kuka sai an siyo, shi kuma uban tambaya ɗaya yake yi wa mai siyarwa, yana cizo? Da an ce masa a'a shikenan sai ya tura kuɗi.

Ni ba zan yi wa karen nan ƙazafi ba, buldog na Ingila na asali yana da haƙuri da yara, ba shi da yawan haushi, yawanci ma kwanciya ce aikinsa. Amma fa ku ji yadda aka yi ya zama haka. A da can a Ingila kiwonsa ake yi saboda wani wasa na rashin imani, a ɗaure bijimin sa a sako masa karnuka su cafke shi a hanci mutane na ihu suna caca, har majalisarsu ta haramta wasan a 1835. Daga nan masu kiwo suka dinga zaɓen masu sanyin hali suna haɗa su, kuma suna ƙara gajarta masa fuska saboda gasar nuna karnuka, har aka kai ga wannan da muke gani wanda numfashi ma da kyar yake yinsa. Kuma wannan ita ce maganar da mai siyarwa ba zai taɓa faɗa maka ba.

Kare ba ya gumi irin namu, ɗan kaɗan ne a tafin ƙafarsa, da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa kake ganinsa ya zaro harshe in rana ta take. To buldog ƙofofin hancinsa a matse suke, naman ganɗarsa kuma ya yi tsawo yana rufe masa maƙogwaro, saboda haka hakin ba ya yi masa aikin da yake yi wa sauran karnuka. Minsharin nan da gurnanin da yara ke yi wa dariya wallahi wahala ce, ƙoƙarin shaƙar iska yake yi. A ƙasarsu mai sanyi ma likitocin dabbobi kullum gargaɗi suke yi kada a fita da shi in an yi ɗan zafi, kamfanonin jiragen sama da yawa sun daina ɗaukarsa a ɗakin kaya saboda yadda irinsa ke mutuwa a hanya, balle a ce Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ga wuta ba tabbas, in an ɗauke da rana janareto kuma ba mai, ina wannan dabba zai sa kansa? Kuma ku tuna don me aka siyo shi, don yaro ya yi wasa da shi. Yaro ɗan shekara shida zai ja shi tsakar gida da la'asar ya wurga masa ƙwallo su yi ta guje-guje, shi bai san hakin da ya yi yawa da harshen da ya fara canja kala alamar haɗari ba ne, kafin manya su ankara karen ya zube. Zafi kaɗai yana kashe shi cikin ɗan lokaci.

Sannan ga kashe kuɗi wanda ba ya ƙarewa. Saboda girman kan 'ya'yan da matsewar ƙugun uwar, fiye da kashi 80 cikin 100 na buldog ta hanyar tiyata ake haifarsu. Tattarar fuskar nan sai an dinga goge ta ana busarwa in ba haka ba ta yi ƙuraje ta fara wari, ga ciwon ido, ga ciwon gaɓoɓi. Wani bincike da kwalejin likitocin dabbobi ta Landan ta fitar a 2022 ya nuna buldog na Ingila shekara 7 da 'yan watanni yake yi a matsakaici, ƙaninsa buldog na Faransa ma bai kai 5 ba, alhali karnuka gaba ɗaya suna kai 11. A Holan tun 2019 gwamnati ta fara hana kiwon karnuka masu gajeren hanci irin haka. A Nowe har kotu aka je a 2022 ta hana kiwon buldog, duk da daga baya kotun sama ta janye hanin a kansa. Turawa da kansu kenan suna ta muhawara ko ya dace a ci gaba da haifar da shi, mu kuma yanzu muke biyan maƙudan kuɗi muna shigo da shi. Eh muna da asibitocin koyar da likitan dabbobi kamar na ABU Zariya da na jami'ar Ɗanfodiyo, amma mutum nawa ne zai iya ɗaukar kare a mota cikin dare yana shure-shure ya kai shi? Kuma ni abin da ya fi damuna shi ne yaron da ya shaƙu da shi, ya sa masa suna, yana kallo yana mutuwa a gabansa.

Abu na biyu kuma ya fi wancan tsoratarwa. A nan wajenmu duk kare mai ƙaton kai da faɗin ƙirji buldog ake ce masa, alhali akwai pitbul, akwai buli na Amurka, akwai Boerboel na Afirka ta Kudu wanda in ya girma yana iya wuce kilo 60, kuma tun suna kwikwiyo ba kowa ke iya bambance su ba, balle in an gauraya iri. Birtaniya ta haramta pitbul tun 1991, kuma daga Fabrairun 2024 laifi ne a Ingila mutum ya ajiye XL Bully, wato ƙaton buli na Amurka, ba tare da takardar izini ba, bayan ya kashe mutane. Kai kuma ka siyo a bakin titi ko a Instagram, ba ka ga uwar ba, ba ka ga uban ba, ba katin riga-kafi, ka kawo ka ajiye kusa da jaririnka saboda an ce maka ai buldog ne ba ya cizo.

Ko na asalin ne ma fa kare ne. Yana kai kilo 23 zuwa 25, yana da ƙarfin muƙamuƙi, da yawansu ba sa son a taɓa musu abinci, kuma dabbar da kullum jikinta ke ciwo ta fi saurin kai cizo in yaro ya ja mata kunne ko ya hau bayanta. Ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da kare ko wane iri ne, ko na minti ɗaya. Ga kuma cutar haukan kare da har yanzu tana nan a Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya, kusan kashi 40 cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da alamunta sun bayyana kusan ba a tashi. Duk mai kare ya yi masa allura tun yana wata uku ya dinga sabuntawa, in kuma ya ciji yaro ko ya yakushe shi a wanke wajen da ruwa da sabulu na minti 15 a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya maganin gida.

Mu Musulmi kuma mun san hadisin da ke Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba ana rage masa lada kullum, kuma buldog ba ya farauta ba ya bin garke, ko gadin kirki ba ya iyawa. Addinin dai shi ne ya hana mu azabtar da dabba, ajiye shi cikin zafin nan kuwa azaba ce.

In yaro son kiwo yake, Alhamdulillahi abu ne mai kyau, yana koya masa tausayi da ɗaukar nauyi. A siya masa tantabaru ko zomaye ko kyanwa ko ɗan rago, da su muka taso. Wanda kuma da gaske yake buƙatar kare saboda gadi ko gona, karenmu na gida ya saba da ranar nan kuma ba ya yawan laulayi, a yi masa allura a ba shi ruwa da inuwa.

Ranka ya daɗe ina roƙon jaridarka ta samu likitan dabbobi ta yi hira da shi akan wannan, kuma ma'aikatun kula da dabbobi na jihohinmu su fara tambayar masu siyar da karnukan nan katin riga-kafi da asalin irin da suke siyarwa.

Nagode,
Wani uba mai karanta jaridarka daga Kano