Bashi ya yi mani katutu, ina neman shawarar lauyoyi da malamai

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka, ko Allah zai sa wani lauya ko malami ya gani ya ba ni haske.

Ni ɗan kasuwa ne a Daura, kayan masarufi nake sarowa daga Kano, kuma yawancin kwastomomina mutanen Nijar ne masu shigowa ta Kwangwalam. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka, ba a jima ba kuma aka rufe boda saboda juyin mulkin Nijar, kasuwa ta tsaya cak, ko da aka buɗe a 2024 jari ya riga ya karye. Yanzu akwai kuɗin dilan da ke ba ni kaya a Kano, akwai rancen wani ƙaramin banki da ruwansa ke ta hauhawa kullum, ga zubin adashe da na kwasa ban ida biya ba, ga kuma waɗannan masu ba da rance ta waya. Su ne ma suka fi ci mani rai wallahi, don saƙo suka tura wa duk lambar da ke cikin wayata wai ni macuci ne, har surukina, dattijon da ko ido ba na iya haɗawa da shi, ya aiko a tambaye ni ko lafiya. Kuɗi kuwa da sun shiga asusuna sai a zare, tunda BVN ɗina, wato lambar shaidata ta banki, ɗaya ce.

Wani abokina da ya karanci shari'a ya ce mani akwai dokar karayar arziki a Najeriya tun 1979, mutum da kansa zai iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ya ce ya kasa biyan bashin da ke kansa, kotu ta naɗa jami'in da zai karɓi abin da ya mallaka a saida a raba wa masu bin sa. Ya ce kuma muddin kotu ba ta sallame ka ba, ba ka da damar tsayawa takara ko zama daraktan kamfani. To ni takara ba ta gabana. Abin da ke hana ni barci shi ne gidan da muke ciki na gado ne, ni da ƙannena mata, shin kasona kaɗai za a taɓa ko gidan duka za a sa a kasuwa? Sannan yayana da ya tsaya mani a banki, in kotu ta sallame ni shi za a koma wa? In haka ne gara in ci gaba da shan wuyata. Kuma nawa lauya zai ci, tunda wanda ya rasa na biyan bashi ina zai samo na shari'a?

Malamai kuma, na san aya ta 280 cikin Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, kuma waɗanda ake bi bashi na cikin waɗanda ake ba zakka. Amma in kotu ta ce an sauke mani ragowar bashin, a wajen Allah ya sauka? Dilan nan da amana ya ba ni kayansa, ko takarda ba mu rubuta ba, ba na son in tashi da haƙƙinsa a wuyana. Ko kuwa ya fi in tara su gaban alƙalin kotun shari'a ko mai unguwa a yi sulhu, in miƙa ragowar kayan shago da babur, sauran a yanka mani abin da zan riƙa biya duk wata? Su bankin da masu rancen waya za su yarda su zauna irin wannan zama, su yafe ruwan su karɓi uwar kuɗinsu?

Duk wanda ya sani don Allah ya amsa ta wannan shafi, ina bibiya.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Daura, Jihar Katsina