Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni kan Kiristocin farko da falsafa

Ɗan'uwa, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranar lacca ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ko gaskiya ne Kiristocin farko sun ɗauki falsafar Girkawa shirme. Lokaci ya ƙure mana ban amsa ba, to ga bashinka.

Bakinsu bai zo ɗaya ba. Ina zaton labarin Tartuliyan ka ji, mutumin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, Kirista ne da ya yi rubutu wajen shekara ta 200. Shi ne mai cewa, me ya haɗa Atina, birnin masana falsafar Girkawa, da Urushalima? A wurinsa falsafa ce uwar bidi'a. Amma duk faɗan nan da makamin masana falsafar yake yi, domin a makarantarsu ya koyi jayayya, har ma ya ce Seneka, masanin falsafar Rum, sau da yawa na Kiristoci ne.

Jastin kuwa, wani marubucin Kiristocin farko, yawon neman malamin falsafa ya sha kafin ya karɓi Kiristanci. Na farko ba shi da abin faɗa game da Allah. Na biyu, kwana kaɗan da fara karatu, ya kawo maganar kuɗi, Jastin ya tattara ya bar shi. Na uku ya ce sai ya fara iya kiɗa da ilimin taurari da lissafi tukuna. A wurin almajiran Aflatun, babban masanin falsafar Girkawa, hankalinsa ya ɗan kwanta. Bayan ya tuba ma bai cire mayafin masana falsafa ba, da shi yake koyarwa a Rum, yana cewa Sokiratis, malamin Aflatun, ya sami rabonsa na gaskiya tun kafin zuwan Almasihu.

Inda bakin Kiristocin ya zo ɗaya shi ne ƙin gumaka da dandalin wasa, inda ake sa mutane su kashe juna jama'a na shewa. Tartuliyan ya ce tushen wasannin bautar gumaka ne, mai bi ba shi da wurin zama a can. Saboda sun ƙi yanka wa allolin gari, maƙwabta suka riƙa kiransu marasa addini.

Wannan ƙin yankan ne ya ja aka fille wa Jastin kai wajen shekara ta 165. Wanda ya yanke hukuncin, Rustikus, shi ma masanin falsafa ne, malamin Sarkin Rum Markus Awreliyus.

Ka huta lafiya.