Baikonmu na ranar 8 ga Fabrairu

Salama gare ku iyaye da ƴan'uwa mata cikin Kristi.

Ina tuna mana 8 ga Fabrairu, ranar Josephine Bakhita mai tsarki, wadda tun 2015 Katolika ke addu'a a cikinta kan safarar mutane. Ƴar Darfur ce. Tana ƙarama aka sace ta, aka yi ta sayar da ita har sunanta na yanka ya ɓace mata. Wata uwargijiya ma ta sa aka tsattsage mata jiki aka cusa gishiri. A Italiya ta rasu, 1947.

Har gobe ana bi da ƴaƴanmu ta Agadas zuwa Libiya da sunan aikatau. Baikon bana na waɗanda suka dawo ne: atamfa, sabulu, kuɗin koyon ɗinki. A miƙa wa ma'aji ranar Lahadi bayan an tashi sujada. Don Allah ban da tsummokara irin na bara.